Wace fulawa ce za ta jure Agusta ta kuma jure Maris a Kaduna?

Maman Hanif, Millennium City:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara na zo nema, amma don Allah kar a yi min dariya. Bara muka tare a sabon gida. Daga get zuwa ƙofar falo an shimfiɗa intalok, sai magina suka bar min ƙasa siririya hagu da dama, kowane ɓangare tsawonsa taku goma sha biyar, faɗinsa kamu ɗaya da 'yan kai. Cikin Agusta na tsaya wurin masu fulawa na bakin titi na ciko but ɗin mota, mai sayarwar yana ta rantse min da safen nan aka sauke su daga Jos. Kuɗin da na kashe ba zan rubuta ba, don maigidan yana cikin zauren nan. Wata biyu gida ya yi kamar na amarya, har baƙi suna tsayawa ɗaukar hoto, ga shi nan na sa muku ɗaya. Hunturu na shigowa suka fara langaɓewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarshen Fabrairu babu komai sai busassun kara da baƙar leda tana leƙowa daga ƙasa.

Yanzu ɗiyata ta binciko min jerin sunaye a intanet, su lafanda da diyantus da wasu da bakina ba ya iya faɗa, wai ba sa kaɗe ganye kuma furensu na daɗewa. Na ce kafin in sake zubar da kuɗi bari in tambayi waɗanda suka riga ni. Ina son wadda ba za ta wuce gwiwa ba, ganyenta kore rani da damina, ta kuma yi ta fure ba na sati biyu ba. Ga ɗan yaye a gidan, ga awakin maƙwabta da ke jiran a buɗe get. Rijiya gare mu, kuma tana ja baya sosai a Maris da Afrilu.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa yalo bush ki huta. Shi ne a gaban kowane banki da kowace ma'aikata a garin nan, ba ya mutuwa.

Ummu Zarah, Malali:
Fure fa ta ce, Abban Sadiq. Shekarata huɗu da yalo bush ban taɓa ganin furensa ba, sai aski kamar ɗan makarantar kwana. Ka yi wata ɗaya da damina ba ka kira mai almakashi ba, ya kai maka ƙugu.

Abban Sadiq:
To ai ganyen nasa ma launi ne. Ni dai na faɗi abin da ba zai sa ta kuka ba.

Baba Mai Gandu:
'Yata Maman Hanif, sannu da asara, amma ki daina zargin hannunki. Na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin gandun daji, rabinsu a wurin rainon dashe, irin abin da ya same ki na gani ya fi a ƙirga.

Jerin da ɗiyarki ta samo ba ƙarya ba ne, sai dai ba don mu aka rubuta shi ba. Mutumin Ingila in ya ce tsiro ba ya kaɗe ganye, nufinsa ƙanƙara za ta rufe shi ya fito da ganyensa. Mu ba ƙanƙara ke kashe mana shuka ba. Ruwan Kaduna ya haura milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba, Agusta da Satumba su kwashi kaso mafi tsoka. Jar ƙasarmu ta jiƙe ta yi caɓi, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Daga Nuwamba kuma sama ta kama bakinta har wata biyar, hunturu ya tsotse ɗan danshin da ya rage, Maris ya zo da zafin da ke haura digiri 35. Abin da za ki dasa sai ya tsallake duka biyun, kuma mafi yawan masu jure fari ba sa jure caɓi.

Lafanda 'yar yankin Bahar Rum ce. Can da sanyi ake ruwa, lokacin zafi ƙasa a bushe take ƙayau. Nan ruwa da zafi tare suke zuwa, abin da ta fi ƙi ke nan. Maganar Jos kuwa, wataƙila gaskiya mai fulawar ya faɗa miki, kuma a nan gizo ke saƙa. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, Kaduna kusan rabin haka. Abin da ke walwala a can yakan sauko nan ya yi ta haki. Kuma na duba hotonki, fetuniya ce ta fi yawa. Ita a wurinmu ta zango ɗaya ce, ko ruwan gora kike ba ta ba za ta shekara ba.

Shawarata ta farko ma ba sunan fulawa ba ce. Ki daina zaɓe a Agusta, don a Agusta ko tsintsiya kika kafa sai ta yi toho. Yanzu da muke cikin Maris ɗin nan, ki sa a zaga da ke Unguwar Rimi da Malali da tsoffin gidajen Barnawa da tsakar rana. Duk abin da kika gani kore yana fure a gindin katangar da ba mai kula da ita, shi ne naki. Na tabbata wadda za ki fi cin karo da ita ita ce binka, Catharanthus roseus a bakin masana, mai ganye mai sheƙi da fure mai kunne biyar, fari ko ruwan hoda. Asalinta Madagaska. Ba ta da lokacin fure, kullum lokacinta ne, awaki kuma galibi sukan sansana su wuce.

Abban Sadiq, yalo bush ɗinka duranta ne. Yana ɗan fure shuɗi-shuɗi a bakin reshe, almakashi ne ke cinye shi kafin ya fito. In an bar shi kuma yakan yi 'ya'ya ruwan ɗorawa masu guba, ga Hajiya da ɗan yaye.

Mai Fulawa Bakin Kogi:
Baba ya yi magana, Allah ya ƙara girma. Amma a yi mana adalci mu masu sayarwa. Mutum zai zo ya wuce binka da iksora ya ce waɗannan ai na kowa da kowa ne, shi baƙuwa yake so. In na ce masa ba za ta yi ba sai ya tafi wurin na gaba da ni ya saya. Hajiya ranki ya daɗe, wani abu ne ya tsaya min a rai. Kin ce leda na leƙowa daga ƙasa. Da ledar aka binne su?

Maman Hanif:
Innalillahi. Yaron da ya dasa min ya ce ledar ruɓewa take yi, ya dai ɗan yage gindinta.

Mai Fulawa Bakin Kogi:
Ba ta ruɓewa Hajiya, jikokinki ma za su tarar da ita. Saiwar tana nan tana zagaye a ciki kamar zaren da aka naɗe, ba ta fita neman danshi ba. Da damina ba za ki gane ba tunda ruwa na zuwa daga sama. Ana ɗauke ruwa sai ta koma kamar shuka a kofin shayi. Reza ake sawa a tsaga ledar daga sama zuwa ƙasa a zare ta gaba ɗaya, ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba.

Maman Blessing, Narayi:
Sannunku. Binka gaskiya ce, sunan ma ya dace da ita, duk inda ka je sai ta bi ka. Guda shida na saya shekara biyar da suka wuce, yanzu har cikin tsagar siminti take fitowa. Amma Baba bai faɗi aibinta ba. Agusta yana kashe ta. Inda ruwan kwano ke zuba, ko inda ruwa ke kwanciya, sai ki tashi da safe ki ga reshe ɗaya ya yi baƙi ya sunkuya, kwana uku dukanta ta tafi. Sabbin irin nan masu manyan furanni jajaye da ruwan goro sun fi saurin tafiya. Tsohuwar mai ruwan hoda da farar, su ne masu taurin rai. Kuma in ta shekara takan yi dogayen ƙafafu, ganye a sama kawai kamar zakaran da aka fige wa wuya. Farkon damina nake rage mata rabi ta sake cika.

Ni wadda ta fi kwanta min a bakin hanya ita ce gajerar ruweliya. Tsayinta taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, ganyen dogaye sirara, furen shunayya kamar ƙaramin mazurari, akwai fari da ruwan hoda ma. Kowane fure kwana ɗaya yake yi ya faɗi da yamma, gobe wasu su buɗe. Caɓi ba ya damunta ko kaɗan. A harabar cocinmu ita ce a layin da ruwan rufi ke sauka, shekara da shekaru. Ki dai tabbatar gajerar aka ba ki. Akwai doguwa mai kai ƙirji, suna ƙanana ba a bambance su sosai, kuma doguwar in ta kama wuri sai da diga.

Baba Mai Gandu:
Maman Blessing kin cike min giɓi, na gode. Haka ne, ciwon saiwa ne da ke tafiya da ruwa. Maganinsa tudu. A ɗaga wurin kamar kunyar dankali, taƙi ɗaya sama da intalok, a gauraya yashin kogi da ruɓaɓɓen taki, a bar tazarar santimita 30 tsakaninsu iska ta ratsa. Wadda ta kamu a tuge ta da ƙasar gindinta a kai shara, kar a tsaya jinya. Ruweliya kuwa furenta yana raguwa sosai da hunturu in babu ban ruwa, amma ba ta mutuwa.

Hajiyar Kemis:
Tunda an ambaci binka bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Daga ganyenta ake fitar da binblastin da binkristin, magungunan da ake yi wa masu ciwon daji amfani da su, musamman yara masu sankarar jini. Abin mamaki ma ba su ake nema ba. A wasu ƙasashe mutane na dafa ganyen wai don ciwon suga, masu bincike a Kanada suka ɗauka su gwada a shekarun 1950, sai suka ga fararen ƙwayoyin jinin dabbobin gwaji ne ke zubewa. Daga nan hanya ta ɓulle. Na kawo wannan ne don na sha jin ana yaɗawa a WhatsApp cewa a dafa a sha. Don Allah kar wanda ya gwada. Guba ce, abin da ake bayarwa a asibiti an tace shi an auna, kuma ta jijiya ake ba da shi. Maman Hanif, ɗacinta ya isa ya sa yaro ya tofar, amma a sa ido.

Kawu Na Tudun Wada:
Ni duk wannan hira mamaki take ba ni. Ana fama da tsadar kayan miya, mutum yana da ƙasa da rijiya, sai ya shuka abin da ba a ci, har wani ma guba ne. Ki sa zogale da alayyahu da albasa mana, ɗiyata. Fulawa sai tara sauro da macizai.

Ummu Zarah:
Kawu, zogale a bakin hanyar shiga falo? Wata shida ya fi katanga tsawo. Kuma awakin da ta ce suna jira a get, walima za ka haɗa musu.

Kawu Na Tudun Wada:
To a rufe get ɗin mana. Mu da muka taso, a tsakar gida lalle ne da ɗoɗɗoya da rumfar kabewa, ba wanda ya ce gidan bai yi kyau ba.

Maman Hanif:
Kawu kar ka damu, zogale huɗu ne a bayan gida, har da rama. Nan gaban ne nake so in na buɗe labule da safe in ga abin da zai faranta min. Amma maganar maciji ta taɓa ni, don bayanmu har yanzu fili ne da ciyawa.

Abban Sadiq:
Maciji ba fure yake ci ba, kwaɗo da ɓera yake bi, sai kuma wurin ɓuya mai sanyi. Wadda zan ce ki guje wa ita ce mai yaɗon nan mai fure ruwan ɗorawa, wedeliya. Na sa ta a Kinkinau don ta rufe min ƙasa, ta rufe har ta hau kan famfo. Kauri take yi kamar katifa, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashi. Ranar da muka zo cire ta kwaɗi sun fi ashirin muka tayar, yaran suka watse. Har yau in aka yi ruwa sai ta leƙo, don kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa saiwa take yi.

Amaryar Badarawa:
Ba wanda ya ambaci lantana. Akwai gajera mai fure ruwan ɗorawa da mai rarrafe shunayya. Rana ba ta dame ta ba, malam-buɗe-littafi kuwa har ya yi yawa a kanta. Tawa tun Nuwamba sau ɗaya a sati take ganin ruwa, kuma ga ta nan cike da fure.

Ummu Zarah:
Lantana sunan gwaggota ne, ita ma haka take, ba ta gajiya kuma ba a taɓa ta.

Likitan Dabbobi, Mando:
Amarya, fure kam tana yi, ban musa ba. Amma ita ce fa dangin kimbar mahalba da kuke gani ta cinye bakin hanyoyi da gefen gonaki. Daga nahiyar Amurka aka kawo ta a matsayin fulawar ado, ta tsere daga lambu, tsuntsaye suka yi ta rarraba irin. Tana cikin jerin nan na halittu 100 mafiya mamaye ƙasar da ba tasu ba da aka fitar a shekarar 2000, ita da wedeliyar Abban Sadiq duka. Ganyenta yana lalata hantar shanu da tumaki. Dabbar ta daina cin abinci, ido ya yi ruwan ɗorawa, fatar da ba ta da duhu ta riƙa saɓulewa in rana ta doke ta. Na gani da idona a garken da aka kora cikin rani ba ciyawa. Ɗanyun 'ya'yanta kuma haɗari ne ga yara. Gidan da ke da ɗan yaye da ragon layya, ni ba zan sa ba.

Amaryar Badarawa:
Likita, tawa mai ruwan ɗorawar ban taɓa ganin ta yi 'ya'ya ba fa.

Likitan Dabbobi:
Wasu irin na ado ba su cika yin 'ya'ya ba, gaskiya ne. Ganyen dai yana nan da abinsa.

Ummu Zarah:
Bari in dawo kan iksora, don ita ce a ganina sarauniyar bakin hanya in aka samu gajerar, mai ƙananan ganye. Ganyenta ba ya zuba, furen dunƙule-dunƙule ja ko ruwan hoda ko ruwan ɗorawa, kuma kusan duk shekara akwai wani a kai. Ita ce wadda muke zare tsinken tsakiyar furen muna tsotsar zaƙin muna 'yan firamare. Amma ta ba ni wahala kafin in gane ta. Shekarar farko sabbin ganyen suka riƙa fitowa fari-fari, jijiyoyin kaɗai ne kore. Na zuba takin zamani, ba canji. Wata ta ce in barbaɗa toka, abin ya ƙara lalacewa. Ranar da na gaji na sa aka tona gindin guda ɗaya, ko taƙi biyu ba a yi ba shebur ya yi ƙara. Fasassun bulo ne da busasshen kwaɓin siminti, har da buhun siminti guda da ya daskare da takardarsa. Magina sun share ɓaraguzansu cikin ramin sun rufe da jar ƙasa. Baro uku muka kwashe a layi ɗaya.

Maman Hanif, sabon gida ne naki kuma gefen intalok, ina kyautata zaton abin da ke ƙarƙashinki ke nan. Kafin ki sayi ko guda ɗaya ki sa a tona.

Baba Mai Gandu:
Wannan ita ce maganar da ta fi kowace amfani a zauren nan yau. Iksora 'yar kudancin Indiya da Siri Lanka ce, ƙasa mai ɗan tsami take so. Siminti yana kashe tsamin ƙasa, toka ma haka, shi ya sa iksorarki, Ummu Zarah, ta ƙara rikicewa. In tsamin ya tafi, sinadarin ƙarfe yana nan a ƙasar amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai sabon ganye ya fito ba kore. A tona zurfin kamu ɗaya, a fitar da komai, a cika da baƙar ƙasa da yashi da kashin shanu wanda ya kwana biyu ya huce. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Kuma a yi hankali da yuriya, ganye za ta ba ki jingim, fure kuwa sai ki nema. Ɗan NPK 15-15-15 kaɗan farkon damina ya wadatar, nesa da gindi.

Abu biyu game da iksora. Ba ta da sauri, shekarar farko za ki ce ba ta motsi. Sannan a bakin reshe take fure, masu yi mata askin kwano duk sati biyu su ne ke cewa tasu ba ta fure. Kuma ita ba ta jure ƙishi kamar binka.

Maman Hanif:
To ga inda nake tsoro, ruwa. A Afrilu sai mun sayi na 'yan garuwa muke haɗawa.

Mai Fulawa Bakin Kogi:
Gaskiya ɗaya ce Hajiya, gajera, kore, mai fure duk shekara, kuma ba ban ruwa wata biyar, babu ita. Wanda ya ce miki akwai, ta roba yake nufi. Amma ba ruwa mai yawa ba ne in an iya bayarwa. Kuskuren mutane yayyafi kullum, saman ƙasa ya jiƙe, saiwa ta taso sama tana jira, rana ɗaya aka manta ta ƙone. Gara ki ba su su ƙoshi duk bayan kwana biyu ko uku, da sassafe ko bayan la'asar, a gindi ba a ganye ba. Ki rufe ƙasar da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, ki bar ɗan fili zagaye da kara saboda gara. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya duk a tara a bokiti. Na wanki mai omo da bilic ne kar ya je wurin. Kuma ki dasa cikin Yuni, ruwa ya zauna amma bai yi yawa ba, kafin Nuwamba saiwa ta yi nisa. Mai dasawa a Oktoba shi ke sayen ruwa.

In akwai inda kika san ba za ki iya kai ruwa ba, wajen get misali, ki sa mai ƙayar nan da ake kira kambin ƙaya. Ita ma daga Madagaska take. Rana da fari abincinta ne.

Maman Blessing:
Kambin ƙaya a hanyar da ɗan yaye ke gudu? A'a. Ƙayarta ba wasa, kuma farin ruwanta in ya shiga ido sai asibiti. 'Yar uwar tinya da aguwa ce fa. Wajen katanga dai, can awaki ma za su gaishe ta daga nesa. Kuma ita ma tana zubar da ganye in ƙishi ya yi yawa, furen ne ke ragewa a kan ƙaya.

Amaryar Badarawa:
Fotulaka fa? Mu a gidanmu ƙarfe-goma muke ce mata, don sai rana ta ɗaga take buɗewa, kafin la'asar ta rufe. Ko taƙi ba ta kai ba. Tsinkar reshe kawai ake yi a soka a ƙasa.

Maman Blessing:
Da rani ba ta da na biyu. Agusta kuwa narkewa take kamar alayyahun da aka dafa. Ki ajiye kaɗan a tsohuwar roba ƙarƙashin baranda, Oktoba ki mayar. Kuma kaji na son ta.

Kawu Na Tudun Wada:
Tunda dai sai an yi, me ya hana a sa tamu ta gida? Ƙariya. A ƙauyenmu tana nan a bakin masallaci tun ina yaro, ba mai ba ta ruwa, da rani ta yi fure ja da fari har ka tsaya kallo. Ko da yake an ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Baba Mai Gandu:
Alhaji ka shigo layi ke nan. Ƙariya tamu ce ta yankin Sahel, Adenium obesum, ita ce masu fulawa ke sayarwa da tsada a tukunya da sunan furen hamada. Kuma ita tana 'ya'ya, kwanso biyu kamar ƙahon ɗan akuya, karin maganar da ɗaya ƙaryar yake. Sai dai ba ta cika sharaɗin Hajiya ba. Lokacin da ta fi fure shi ne lokacin da ta kaɗe ganye, da shekaru kuma takan fi mutum tsawo, ruwan jikinta har dafin kibiya ake yi da shi. Tukunya biyu a kan ginshiƙin get, inda hannun yaro ba ya kai, ta yi kyau.

Maman Hanif:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe za a fara tono. Ɓangaren hagu rana ke dukansa wuni guda, can zan yi tudu in sa binka, tsohuwar irin. Dama kuwa indararo biyu ne ke zuba, ruweliya za ta je can. Iksora guda shida kusa da ƙofar falo inda bokitin alwala zai riƙa isa. Sai Yuni in Allah ya kai mu. Kawu, zan sa ɗoɗɗoya a ƙarshen layi saboda kai.

Kawu Na Tudun Wada:
Ki ƙara da na'a-na'a, amma a roba, ita ma mamaya gare ta.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum, na tono wannan tsohuwar hirar ne don yau shekara guda cif, ga mu a Maris kuma. Ummu Zarah, baro biyar muka fitar, har da takalmin lebura ƙafa ɗaya. Binka arba'in na dasa, bakwai suka tafi a Agusta, duka a ƙarshen layin inda tudun ya zaizaye. Ban sayi wasu ba, 'ya'yansu ne suka cike wurin. Ruweliya ta yi shiru da fure daga Disamba zuwa Janairu, yanzu da zafi ya shigo ta dawo, sai dai ta fara fitowa a tsakanin intalok, kullum ina tsuguno ina cira. Iksora tana nan kamar yadda Baba ya ce, ba ta mutu ba ba ta yi gaba ba, huɗu sun yi fure. Biyu kuma wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya manne musu a hammatar ganye, kiyashi na ta hawa da sauka. Ɗoɗɗoyar Kawu ce kaɗai akuya ta samu.

Mai Fulawa Bakin Kogi:
Ki daka ganyen dogon yaro ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan ki fesa da yamma har bayan ganyen, duk sati sau ɗaya har sau uku. Inda suka taru ki goge da tsohon buroshin haƙori. Ki bi layin kiyashin ki ga inda gidansu yake, su ne ke kiwon ƙwarin.

Amaryar Badarawa:
Anti, cikin 'ya'yan binkar akwai farare? Tawa duk ruwan hoda ce.

Maman Hanif:
Sai sun yi fure ake ganewa, amma akwai wajen goma da suka fito a gindin farar. Ki bari ruwa ya sauka tukuna, yanzu in aka cire ba za su kama ba. Ki zo da ledojinki.